Muryar Mansur a Ajin Hausa

Ku matso da bencinku nan inuwa, tunda an fita tara. Shugaban makarantar nan ɗalibina ne, shi ya sa duk lokacin da aka turo masu koyon aikin malanta sai ya aika a ɗauko ni daga unguwar Madaki in zo in cika ku da surutu. Sunana Malam Buba. Na koyar da karatu a firamare, daga baya na koyar da Hausa da adabi a ƙaramar sakandare har na yi ritaya. Ɗazu ina shigowa na ji ɗayanku yana cewa shi kam ya huta, tunda Hausa aka ba shi, wai ai ko yaron goye yana jin Hausa a Gombe. Gaskiya ne yana ji. Amma jin Hausa daban, sa yaro ya miƙe a gaban 'yan ajinsu ya buɗe baki ya karanta ta daban. Wannan na biyun shi ne aikin, kuma akwai yaran da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsu.

Aikina na farko yanka kwali ne. An tura ni wata firamare a Dawaki, aka haɗa ni da Malama Rifkatu, 'yar Kaltungo, wadda ta daɗe tana riƙe da 'yan aji ɗaya. Na je da sabuwar riga da tsarin darasi da na kwashe hutu ina rubutawa. Ta karɓa ta ajiye a kan tebur ba ta buɗe ba, ta miƙo mini almakashi da kwalayen sabulu da ta roƙo a shagunan unguwa. Muka yanka su kamar faɗin tafin hannu, muka bi su da gaɓoɓi: ba, bi, bu, ɓa, ɓi, ɓu. Kayan aikinta ke nan kaf, sai alli, da tsumman goge allo, da baƙin tsohon batir da take kwaɓawa ta shafe allon idan ya fara yin fari. Tana da jan biro, amma ba ta cika zare shi ga 'yan aji ɗaya ba. Bulala kuwa ban taɓa gani a hannunta ba.

Ajinta kamar tashar mota yake. Ga 'ya'yan Fulani, ga Tangale, ga Tera, ga Waja, ga 'ya'yan Kanawa da Katsinawa 'yan kasuwa. Yaron da Hausa ba ita ake yi a gidansu ba sai ya ce wa yarinya "ka zo", ko ya nuna namiji ya ce "ta tafi", 'ya'yan Hausawa su kwashe da dariya har da buga benci. Malama Rifkatu ba ta yarda da wannan. Ta gaya mini ita ma an yi mata lokacin da aka kawo ta Gombe tana yarinya, sai da ta yi zango guda ba ta ce uffan a aji ba, har malaminsu ya ɗauka kurma ce. Don haka dokarta ɗaya: gyaran kuskure na malami ne, aji ba shi da izinin dariya. Ita ta koya mini in koma bayan aji idan ana karatun haɗin baki, in bi sahu-sahu ina kallon leɓen yara, in gane mai karantawa da mai motsa baki kawai. Ta ce mai hayaniya ba sai na neme shi ba, wanda ya yi shiru shi zan bi.

Wata rana na lura jimlolin da take rubutawa a allo ba su ne na cikin littafi ba. A littafin, kullum Audu ya tafi gona, Binta tana shara. Ita kuwa sai ta rubuta Audu ya dafa wake, Binta ta hau keke. Na tambaye ta dalili, na ce kada sufeto ya zo ya ce mun bar manhaja. Ta nuna mini wani yaro a bencin baya, ta ce mahaifiyarsa ta rasu, shi yake dafa wa ƙannensa abinci kafin ya zo, kuma yara suna tsokanarsa saboda ƙaurin hayaƙi da ke jikin rigarsa. Ta ce gaɓoɓin dai su ne, "da" da "fa" ba su canza ba, to me zai hana yaron ya ga kansa a allo sau ɗaya. Na daɗe a ƙarƙashinta, kuma duk abin da na yi daga baya a nan ya samo tushe.

Bayan na ƙaro karatu aka mai da ni wata ƙaramar sakandare a Madaki, aka ba ni Hausa. A nan na haɗu da Mansur. Ɗan wani Alhaji Lawal ne, mutumin wajen Katsina mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Malamin da ya riƙe ajinsu kafin ni ya ce mini kada in wahalar da kaina a kansa, bai iya karatu ba, ko an miƙar da shi sai dai ya sunkuyar da kai har a gaji a ce ya zauna. Na sa aka yi karatun haɗin baki, na koma baya ina kallo. Leɓen Mansur yana gaban na kowa. Kafin aji ya kai ƙarshen layi shi ya sauka na ƙasa. Da na duba littafinsa na shifta, ko lanƙwasar ƙ ba ya mantawa.

Washegari na kira sunansa na ce ya karanta mana sakin layi na farko. Yana miƙewa, tun bai buɗe baki ba, wani daga baya ya maƙale murya ya ce, "Hajiya za ta yi magana." Aji ya ɗauka da dariya. Sai a lokacin na gane. Yaron yana da siririyar murya, yana jan magana irin ta mata, idan yana bayani hannunsa yakan karye, tafiyarsa ma da yanga. A cikin goggonninsa ya tashi, ya fi sakewa da 'yan mata, kuma tun firamare ake kiransa Hajiya Mansura, ko a ce masa ɗan daudu kai tsaye. Ya gane cewa duk kalmar da ta fita bakinsa za a maimaita ta a hanyar gida, sai ya daina fitar da ko ɗaya.

Ku riƙe wannan, don za ku gamu da irinsa, namiji ko mace, a kowace makaranta aka tura ku. Ban kira Mansur gefe na tambaye shi me ke ransa ba. Ba hurumina ba ne, kuma yaro ɗan wannan shekarun sau da yawa shi kansa bai gama sanin kansa ba. Ban kuma tsaya na yi wa aji dogon faɗa a kansa ba, don da na yi haka na ƙara nuna shi da yatsa. Abin da na yi shi ne na bi aji kaf, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunan da yake so a kira shi da shi, na ce daga yau shi kaɗai nake son ji a cikin ɗakin nan. Dokar ta hau kan kowa. Mai ƙaton kai ya huta, mai in'ina ya huta, wata yarinya Hassana da ake ce wa Ƙato saboda tana buga ƙwallo da maza ita ma ta huta. Mansur ya shige cikin taro.

Sai aikin wasan kwaikwayo. A al'ada malami yakan raba wa maza rawar maza, mata rawar mata, sarki a ba wa mai babbar murya. Ni kuwa na rubuta sunayen 'yan wasan a guntayen takarda, na naɗe, na zuba a hulata, na ce kowa ya sa hannu, abin da ya ɗauko shi zai karanta. Na ce musu karatu muke yi, kuma mai karatu dole ya iya shiga bakin kowa. Allah da ikonsa, Bello monita, wanda ya fi kowa girma kuma shi ne ya fara maƙale murya ran nan, shi ya ɗauko tsohuwa mai sayar da daddawa. Ya ce Malam a sake. Na ce hula ce ta ba ka, ba ni ba. Ya karanta yana gumi, aji yana danne dariya, ni kuma na ce ya maimaita don tsohuwar tasa ba ta da rai, kamar mai karanta sanarwa. Hassana ta ɗauko sarki, ta yi shi har da gyaran murya. Kafin zangon ya yi nisa, kowane namiji a ajin ya taɓa zama uwa ko amarya, kowace yarinya ta taɓa zama alƙali ko ɓarawo. Abin ya daina zama abin kallo.

Ranar da Mansur ya fara karatu a bayyane, rawar direban babbar mota ya ɗauko. Ya miƙe, ya riƙe littafin da hannu biyu, ya karanta da muryarsa yadda Allah ya ba shi ita, bai kumbura ta ba. Ya tsaya inda aka sa waƙafi, ya ɗaga murya inda aka sa alamar tambaya, ya ba wa zagin da direban ke yi wa yaron motarsa haƙƙinsa. Ba wanda ya yi tari. Da ya gama na ce madalla, na gaba, kamar yadda nake ce wa kowa. Kada ku tafa wa irin wannan yaron fiye da yadda kuke tafa wa saura. Yana son ya zama ɗaya daga cikin aji ne, ba baƙon da aka karrama ba.

Da suka shiga aji uku, aka sa musu wani littafin wasan kwaikwayo a manhaja. A cikinsa akwai wani ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha, wanda marubucin bai ma ba shi suna ba. Yana shigowa ne ya tafa hannu, ya yi rangwaɗa, a zage shi, a kore shi, masu kallo su yi dariya, shi ke nan aikinsa a littafin. Na san yadda abokan aikina suke yi da wannan shafin. Wasu su tsallake shi, yara kuma su karanta a ɓoye su zo su yi wa wanda suka raina. Wasu su bari a yi ta shewa har a kaɗa ƙararrawa. Ni ina da Mansur a benci na biyu, kuma duk ajin sun riga sun leƙa shafin.

Na karanta wurin da kaina, da muryata ta kullum, ban kwaikwayi kowa ba. Sai na yi musu tambayoyin da nake yi a kan kowane ɗan wasa. Na ce me ya sa kowa a littafin nan yana da suna ban da wannan mutumin. Na ce da wane lokaci yake tashi ya hura wuta kafin motocin safe su iso. Na ce matafiyan da suka zage shi, abincin wa suka ci kafin su zage shi. Na ce yana da uwa, kuma idan tana nan, wa yake ciyar da ita. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce akwai irinsa a layinsu, shi yake dafa abincin biki, kuma ranar da kakarta ta rasu shi ya fara kawo tukwane. Wani ya ce amma ai abin da yake yi ba kyau. Na ce wannan tambaya ce ta malaminku na addini da iyayenku, ku kai musu. Tambayar ajin adabi ita ce, marubucin ya ba mu mutum ne ko ya ba mu abin dariya. Daga nan na ba su insha'i: kowa ya zaɓi wanda aka yi wa dariya a littafin, ko tsohuwa, ko baƙauye, ko mai abincin, ya rubuta yininsa guda da bakinsa.

Mansur baƙauyen ya zaɓa. Na gyara masa inda ya haɗa kalmomin da ya kamata a raba, na ba shi makinsa. Bello monita ne ya zaɓi mai abincin, ya ba shi suna, ya ba shi ciwon baya saboda ɗaukar tukwane, ya sa shi yana aika wa ƙanwarsa hatsi ƙauye. Shi ne insha'i mafi kyau da Bello ya taɓa rubutawa, kuma shi ne ya jawo mini shekarar da ta fi kowace wuya a aikina.

Mahaifin Bello ya ga insha'in a gida. Bai zo wurina ba, ya fara da majalisar ƙofar gidansa. Kafin maganar ta zagayo makaranta ta canza kama. An ce ina sa maza su yi muryar mata, wannan gaskiya ne. An ce ina sa musu zane da ɗankwali, wannan ƙarya ne. An ce ina koya musu daudu, har da cewa wasu ne daga waje suke turo mini littattafai. Yaran unguwa suka fara bina da kira idan na wuce a kan mashin. Wasu da muke sahu ɗaya a masallaci suka koma amsa gaisuwata da ka. Matata ta je suna ta dawo tun ba a raba abinci ba. Abu ɗaya ya tsare ni daga sharrin da ya fi wannan, kuma Malama Rifkatu ce ta koya mini shi tun ina sabo: ban taɓa zama da ɗalibi ni da shi kaɗai ba, ƙofar ajina kullum a buɗe, gyaran littafi kuma a ɗakin malamai a gaban kowa. Ku riƙe wannan da kyau, ko wane irin yaro ne.

Aka kira taron iyaye da malamai. Ɗakin ya cika har taga. Mahaifin Bello ya miƙe da littafin ɗansa a hannu.

"Mun kawo 'ya'yanmu a koya musu karatu ne," in ji shi. "Ba mu kawo su a koya musu tausayin 'yan daudu ba."

Shugaban makaranta ya ce in yi bayani. Na ce littafin wasan kwaikwayon ba ni na zaɓe shi ba, yana cikin manhaja, mutumin kuma yana cikin littafin. Na nuna musu hular da guntayen takardun, na faɗi yadda ake ɗauka. Sannan na ce, "Ban taɓa ce wa ɗan kowa ya zama wani abu ba. Na hana a yi wa mutum dariya a ajina, na littafi ko na kan benci, don yaron da ake yi wa dariya ba ya karatu. Wannan kam na yi, kuma ban san wata hanyar koyarwa ba."

Wani dattijo mai koyarwa a islamiyya, wanda 'yarsa take ajin, ya ce shi bai goyi bayan daudu ba, amma izgili ma ba halal ba ne, kuma bai ga inda Malam ya wuce gona da iri ba. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka yi ta magana a tare. Ba wanda ya ambaci sunan Mansur, amma duk wanda ke ɗakin ya san da wa ake. Alhaji Lawal yana zaune a baya har aka tashi. Ba a same ni da laifi ba, sai dai ofishin ilimi ya ga ya fi sauƙi a ɗauke ni don ƙura ta lafa. Aka ce idan zango ya ƙare in koma wata makaranta a unguwar Gabukka.

Canjin wurin bai dame ni kamar kujerar Mansur ba. Tun ranar taron bai ƙara zuwa ba, ga jarrabawar fita ƙaramar sakandare ta matso. Na ji 'yan uwan mahaifinsa sun ba da shawara a cire shi a zaunar da shi a shago, wai makarantar ce take ƙara lalata shi. Na je wurin Malama Rifkatu, a lokacin ta yi ritaya tana kiwon kaji a bayan gidanta. Ta ce kada in je gidansu, in je kasuwa da rana tsaka, inda kowa zai ga shigata da fitata.

Na sami Alhaji Lawal bayan azahar yana ninke atamfa. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar iyali. Yana shafa wani turmin atamfa ya fara magana. Ya ce ya doki yaron har ya gaji, ya kai shi an yi masa rubutu ya sha, ya hana shi shiga kicin, ya hana shi zama da goggonninsa, ba abin da ya canza. Sai ya dube ni.

"Malam, kai da ka zauna da shi, za ka iya gyara mini shi?"

Na ce, "Alhaji, ni karatu na iya koyarwa, kuma a karatu ba abin da ya lalace a jikin Mansur. Ba na da kamarsa a ajin. Ka taɓa jin ya karanta?"

Ya ce bai taɓa ba. Ya ce yaron ko magana ba ya yi a gabansa, sai e da a'a. Sai ya ɗaga murya ya kira shi. Ashe Mansur yana can ƙuryar shagon a bayan tarin kaya. Alhaji ya zaro wata tsohuwar jaridar Hausa daga cikin waɗanda yake naɗe kaya da su, ya miƙa masa, ya ce karanta. Yaron ya dube ni, na ce masa fara daga sama, kuma ka tsaya a aya. Labari ne a kan manoman wake da tsutsa ta yi wa ɓarna. Ya fara a hankali, ya zo ya saki jiki. Muryar dai ita ce, siririya, da jan nan nata. Masu shagunan kusa suka matso. Wani matashi a cikinsu ya fara murmushi yana taɓa na kusa da shi, Alhaji ya juya ya kafe shi da ido har sai da ya koma shagonsa. Mansur ya kai ƙarshen labarin bai yi tuntuɓe ba. Mahaifinsa ya karɓi jaridar, ya ninke ta, bai mai da ita cikin na naɗin kaya ba, ya sa a aljihu.

"Gobe ka koma makaranta," ya ce. Ni kuma ya raka ni har bakin layi, bai ƙara tada maganar ba.

Mansur ya rubuta jarrabawarsa, ya wuce babbar sakandare, ya gama. Ban ce muku mahaifinsa ya sauya ra'ayi a kansa ba, don ban sani ba, kuma na ji zaman gidan bai taɓa yin daɗi sosai ba. Abin da na sani bai cire shi daga makaranta ba.

A Gabukka aji na farko da aka ba ni rabin rufinsa iska ta ɗauke, da damina kuma sai na ajiye mashin a tsallaken kwari na ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Ban bar hular ba, ban bar dokar suna ba, ban tsallake shafin nan ba. Abin da na ƙara shi ne iyaye. Farkon kowace shekara nakan gayyace su su zauna a bayan aji su ga yadda ake ɗaukar takarda a hula. Uban da ya ga 'yarsa ta zama alƙali ta yanke hukunci, ya kuma ga ɗan maƙwabcinsa ya zama kaka, ya yi dariyarsa ya tafi, ba zai yarda da jita-jita ba idan ta zo. Nakan kuma gaya wa shugaban makaranta tun kafin mu iso shafi mai wuya, in faɗa masa tambayoyin da zan yi. Iyaye su ne masu kayan, mu ajiya aka ba mu. Idan ba ka nuna musu abin da kake yi ba, wani zai ba su labarinsa yadda ya ga dama. Na sami wasu Mansur ɗin a can, da wasu Hassana, ba wanda ya ƙara barin aji a hannuna saboda dariya.

Bayan na yi ritaya, wata rana na je tasha raka baƙo, sai na ji an ce Malam daga wata rumfar abinci. Mansur ne, ya zama magidancin mutum, da tawul a kafaɗa. Rumfar tasa ce, yana da ma'aikata, shi ake kira dafa abincin biki har unguwannin manya. Maganarsa da tafiyarsa suna nan yadda na san su, kuma na ji da kunnena wani kwandasta ya jefa masa kalmar nan ta ɗan daudu yana wucewa. Bai ko waiga ba. Ya zuba mini shinkafa da miyar da ban taɓa cin irinta ba, sannan ya ce yana da wata buƙata. Ya ce idan kasuwar rana ta lafa, yakan tara wasu abokan sana'arsa irinsa a bayan rumfa yana koya musu karatu, don yawancinsu tun suna ƙanana suka gudu daga makaranta. Yana so in zo in duba ko yana yi daidai.

Na je ranar Alhamis. Sun jingina wani guntun katako da buhun gawayi, shi ne allonsu. Suna zaune a kan benci da turame, wasu hannunsu da lalle, suna ta tsokanar juna har aka fara. Babbansu wani Garba ne mai suyar masa, ya girme ni, gashinsa fari fat. Ya ce mini shi a aji biyu ya tsaya, kuma ba malami ne ya kore shi ba, 'yan aji ne. Mansur yana koyarwa da kyau, sai dai yana da saurin ba da amsa idan mutum ya tsaya, na ce masa ya riƙa barin su su yi kokawa da kalmar tukuna. Tun daga ranar nake zuwa duk Alhamis idan ƙafata ta yarda.

Garba ya fi kowa naci. Daga gaɓa ya koma jimla, daga jimla ya ce shi littafi sukutum yake so. Na kawo masa wani ɗan ƙaramin labari, ya gama, na kawo wani, na ƙara kawo wani. Yana karantawa ne da yatsa a kan layi, tsakanin zuba ƙullu da juya masa, duk shafukan sun yi mai. Kwanan baya ya dawo mini da na ƙarshen, ya zauna kusa da ni, ya ce ya ji daɗinsu duka, amma yana da tambaya.

"Malam, na duba daga farko har ƙarshe ban ga irinmu ba. Akwai littafin da muke ciki, wanda ba don a yi dariya aka sa mu ba?"

Na yi tunani iya tunanina, na ce masa ni dai a cikin waɗanda suka zo hannuna ban gani ba tukuna.

Ya gyaɗa kai, ya goge hannunsa da zanen da ke kafaɗarsa, ya juya wajen rumfa.

"Mansur, gobe ka sayo mini littafin rubutu mai kauri, da biro mai kyau. Malam, kai kuma sai ka zo da jan naka, don kuskure zai yi yawa."